Sau nawa ne "wani lokaci"?

Wanda ya fara koyon Japananci, tun hannunsa bai gama sabawa da haruffan hiragana ba, za a ɗora masa wasu 'yan kalmomi da masu harshen ke kira fukushi, wato bayanau a nahawunmu. Littafin Genki, wanda aka fara bugawa a 1999 kuma jami'o'i da dama a duniya ke koyarwa da shi, ya shigo da rukunin farko daga cikinsu tun a darasi na uku, don mutum ba ya iya ba da labarin yadda yake wuni sai da su. Wasu suna nuna yawan aukuwar abu: itsumo kullum, taitei galibi, yoku sau da yawa, tokidoki wani lokaci, tamani jefi-jefi, mettani ba kasafai ba, zenzen ko kusa. Wasu kuma gwargwado suke nunawa: totemo ƙwarai, kanari da dama, sukoshi da chotto kaɗan, amari ba sosai ba. Malamai sun saba jera su a allo daga sama zuwa ƙasa, su sa lamba a gefen kowace, itsumo kashi 100 cikin 100, tokidoki wajen rabi, zenzen sifili. Ɗalibi ya kwafa yana murna, don lamba tana kwantar da hankali. Ranar da ya buɗe wani littafin sai ya tarar lambobin tsakiya sun sauya, abin da wannan ya ɗaga wancan ya sauke shi. In kuma ya tambayi ɗan Japan sau nawa ne tokidoki, amsar ba za ta wuce "ya danganta" ba.

Daga nan maganar ta bar hannun malamin nahawu ta koma hannun mai nazarin gaskiya da ƙarya. Idan kalma ba ta da iyakar da za a nuna da yatsa, da me za a ce mai faɗinta ya yi gaskiya, da me za a ce ya yi ƙarya? Wanda ya ce buhu uku ya saya ana iya ƙirgawa a kama shi. Wanda ya ce yakan je wani lokaci fa? Akwai masu ganin irin waɗannan kalmomi lambobi ne da suka lalace, gadon zamanin da mutane ba su damu da lissafi ba, kuma mai son gaskiya tsagwaronta ya kamata ya rage amfani da su iyakar ƙarfinsa. Ni dai ban yarda ba. Abin da nake so in tabbatar shi ne, bayanau na yawa da na gwargwado suna auna abu ne da abin da mai sauraro ke tsammani, kuma wannan awo ne na haƙiƙa, ana iya cika shi, ana iya tauye shi. Saboda haka gaskiyar mai faɗinsu ana neman ta a cikin abin da ya bar wa mai ji a zuciya, ko ya dace da abin da ya auku ko bai dace ba.

A ɗauki yoku. Ma'aikaci a Osaka in ya ce ocha o yoku nomimasu, wato yana yawan shan shayi, mai sauraro zai ɗauka kusan kullum yake sha, watakila fiye da sau ɗaya a wuni. Shi ɗin dai in ya ce yana yawan zuwa ƙasashen waje, da wannan kalmar, sau uku ko huɗu a shekara ya ishe shi zama mai gaskiya. In kuma aka ce girgizar ƙasa tana yawan aukuwa a Japan, ana maganar ƙasar da hukumarta ta yanayi ke rubuta motsin ƙasa da mutane ke iya ji sama da sau dubu a shekara. Babu wani kashi cikin ɗari da zai haɗa waɗannan ukun, amma ba wanda ya rikice da jin su, domin kowa ya san gwargwadon da aka saba shan shayi, da gwargwadon da aka saba hawa jirgi, kuma abin da kalmar ke isarwa shi ne abin ya wuce yadda aka saba. Japananci ma ya sauƙaƙa wa mai wannan hujja aiki, don yana da bayanau da tsammanin ke zaune a cikinsu ƙarara. Kekko tana nufin da dama, amma tare da ishara cewa ba a zaci abin zai kai haka ba. Shi ya sa ake gargaɗin ɗalibi kada ya ce wa uwargidan da ta karɓi baƙuncinsa kekko oishii, domin abin da za ta ji shi ne ya zauna cin abincin da mummunan zato, sai daɗinsa ya ba shi mamaki. Nakanaka ma haka take, yabo ne da babba ke yi wa ƙarami, in ɗalibi ya yaba aikin malaminsa da ita ya ɗora kansa a kujerar alƙali. Zuibun kuwa mamaki take ɗauke da shi. A jerin allo, waɗannan uku da kanari suna kusa da juna ƙwarai, in da lamba ce kawai da sai a yi musayarsu ba asara. Masu harshen ba sa yin haka, kuma rashin yin nan shaida ce cewa abin da suke aunawa ya haɗa da zuciyar mai magana da matsayin mai sauraro.

Akwai kuma ƙa'idar da ke fara wahalar da sabon ɗalibi. Amari da mettani, da zenzen a yadda littattafai ke koyar da ita, sai da aikatau mai korewa suke tafiya. Ana cewa amari tabemasen, ba na ci sosai, ana cewa zenzen wakarimasen, sam ban gane ba. Tun da aikatau a Japananci ƙarshen jimla yake zuwa, korewar kuma a wutsiyarsa take, jin amari a farko yakan sanar da mai sauraro inda maganar ta dosa tun kafin ta isa. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, mu ma kasafai da ko kaɗan a inuwar korewa suke zama. Abin lura dai shi ne mutum biyu na iya cin loma biyar-biyar a kwano ɗaya, ɗaya ya ce sukoshi tabemashita, na ci kaɗan, ɗayan ya ce amari tabemasen deshita, ban ci sosai ba. Lomarsu ɗaya. Na farko yana ƙirga daga babu zuwa sama, yana kwantar wa mai tambaya hankali cewa wani abu ya shiga ciki. Na biyu yana ƙirga daga ƙoshi zuwa ƙasa, yana sanar da cewa akwai giɓi. Uwar da ke tambayar yadda ɗanta marar lafiya ya ci abinci, labari biyu daban za ta ji, kuma lambar biyar ita kaɗai ba za ta gaya mata wanne ne ya dace da halin yaron ba.

Mai jayayya na farko zai ce duk wannan ado ne, kuma a wurin da rai ko dukiya ke rataye ado na iya kashe mutum. Yana da shaida mai ƙarfi. A 1951 masu nazarin leƙen asiri na Amurka sun rubuta rahoto cewa akwai yiwuwa mai tsanani ɓangaren Sobiyet ya kai wa Yugoslabiya hari a shekarar. Sherman Kent, ɗaya daga cikin manyan da suka amince da rahoton, yana nufin kamar kashi 65 cikin 100. Da ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da kowa ya nufa, sai ya ji amsoshi daga kashi 20 har zuwa 80. Mutane ne da suka zauna a teburi guda suka yarda da jimla guda, ashe kowa da abin da ya sa wa hannu. Kent ya rubuta maƙala kan wannan a 1964 yana neman a ɗaure kowace kalmar ƙiyasi da lamba. Mai jayayyar zai ce in ƙwararru sun ruɗe haka, ina ga talaka, kuma in har lamba na nan, me ya sa za a koma ga kalmar da ba ta tsaya ba?

Na yarda da rabin maganarsa, Japanawa ma sun yarda. Hukumar kula da yanayi ta Japan ta ɗaure tokidoki da ma'ana tsayayya a hasashenta. In ta ce kumori tokidoki ame, wato gizagizai da ruwa wani lokaci, nufinta ruwan zai riƙa zuwa yana ɗaukewa, jimillar lokacinsa kuma ba za ta kai rabin tsawon lokacin hasashen ba. In ta ce ichiji a madadin tokidoki, ruwan zai sauka a jere amma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin ba. A Japan ɗin ce kuma, a watan Nuwamba na 2017, kamfanin jirgin ƙasa na Tsukuba Express ya fito ya nemi afuwar fasinjoji saboda jirgi ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokacinsa. Mutanen da ke ƙirga daƙiƙa ba rashin iya lissafi ne ya sa suka riƙe tamani da tokidoki ba. Sun san inda lamba ke da hakki da inda ba ta da shi. Shari'ar Musulunci ma haka ta raba abin: nisabin zakka lamba ce da ba a yi mata wasa, raƙuma 5, shanu 30, tumaki ko awaki 40, amma ciyar da iyali an bar shi ga abin da aka sani a al'ada gwargwadon ƙarfin miji, ba a yanka masa mudu ba. Wanda ya ce na biyun ya fi na farkon rauni bai lura ba cewa adadi guda da zai dace da attajiri da ɗan dako, a birni da ƙauye, a damina da bazara, babu shi, kuma yanka shi zalunci zai haifar.

Sauran rabin maganar shi ne inda na rabu da shi. Ɗaure kalma da lamba a ofis ba ya sauya abin da kunne ke ji a waje. A takardun da ke cikin kwalin magani a Tarayyar Turai, illar da aka kira mai yawan faruwa ita ce wadda ke samun tsakanin mutum 1 cikin 100 zuwa 1 cikin 10. Majinyacin da ya karanta "tana yawan faruwa" kuwa zai ɗauka ta fi haka nesa ba kusa ba, don a rayuwarsa abin da ke samun mutum biyu cikin ɗari ba mai yawa ba ne. Kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade cewa in ya ce abu mai yiwuwa ne ƙwarai, yana nufin kashi 90 ko fiye, amma binciken David Budescu da abokan aikinsa a 2009 ya nuna masu karatu da yawa suna fahimtar ƙasa da haka sosai. A nan kalmar ba ta gaza don ta rasa lamba ba, an ma ba ta lambar. Ta gaza ne don mai rubutu da mai karatu ba tsammani ɗaya suke aunawa da shi ba, wanda shi ne ainihin abin da nake faɗa. Haka ma abokan Kent: matsalarsu ita ce babu wani sabo da suka yi tarayya a kai game da yawan mamaye ƙasashe, yadda mutanen Osaka suka yi tarayya a sabon shan shayi. Sannan akwai ƙaryar da lamba ke jawowa wadda ba a cika ambata ba. Wanda aka tambaya sau nawa yake ziyartar mahaifiyarsa, bai taɓa ƙirgawa ba, in ya ce sau goma sha huɗu a shekara ya yi da'awar sanin da ba shi da shi. In ya ce tokidoki ya faɗi abin da ya sani daidai da yadda ya san shi. Aristo ya daɗe da yin wannan nuni a littafinsa na ɗabi'a, cewa mai hankali yana neman ƙididdigewa a kowane fanni ne gwargwadon yadda fannin zai iya ɗauka.

Tsohuwar damuwar masu falsafa kan wannan ta samo asali daga Yubulides na garin Miletus, a ƙarni na 4 kafin Miladiyya. In tulin hatsi yana nan, aka cire ƙwaya ɗaya, har yanzu tuli ne. A ci gaba da cirewa ɗaya-ɗaya, ba za a taɓa samun ƙwayar da za a ce ita ce ta rushe tulin ba, amma a ƙarshe ba tuli. Wasu sun kammala daga nan cewa kalmar tuli ba ta da ma'ana ta gaskiya, kuma da wannan hujjar za a iya rushe yoku da tamani duka. Amsar da ta fi gamsar da ni ta fito ne daga malamin fiƙihu. Shihabuddin Alƙarafi, Bamalikin Masar da ya rasu a 1285, da yake maganar garari a ciniki cikin littafinsa Alfuruƙ, ya kasa shi uku: mai yawa da kowa ya yarda an hana, kamar sayar da tsuntsu yana sama, kaɗan da kowa ya yarda an yafe, kamar sayen gida ba tare da an tone harsashinsa an gani ba, da matsakaici da malamai suka yi saɓani a kansa. Bai ɗauki saɓanin tsakiya a matsayin hujjar cewa gefe biyun ma ba su tabbata ba. Jerin allo na ɗalibin Japananci haka yake. Ana iya gardama ko sau biyu a wata tokidoki ne ko tamani, amma ba ɗan Japan da zai ɗora tamani a kan yoku, kuma ba wanda zai kira abin da ake yi sau ɗaya a shekara goma itsumo. Lambobin gefen allo ne na wucin gadi, jerin kansa yana nan daram, kuma jerin nan ya isa a kama maƙaryaci.

Mai jayayya na biyu ya fi na farko zafi, don shi ta ɗabi'a yake zuwa. Zai ce waɗannan kalmomi mafaka ce ta mai gudun gaskiya, kuma zai nuna chotto. Ma'anarta kaɗan, amma in ka gayyaci ɗan Japan cin abinci gobe ya ce ashita wa chotto, ya ja ƙarshen ya yi shiru, ba kaɗan yake nufi ba, ya ƙi ne gaba ɗaya. In ma'aikaci ya ce wa abokin ciniki chotto muzukashii desu, da ɗan wuya, galibi nufinsa ba zai yiwu ba. Sunan da Japan ta yi a wannan ya kai har littafin da Morita Akio na kamfanin Sony da Ishihara Shintaro suka fitar a 1989 ya ja hankalin duniya tun daga sunansa, wanda ke maganar Japan da za ta iya cewa a'a. To mutum ya ce kaɗan alhali yana nufin sam, in wannan ba ƙarya ba ce mece ce ƙarya? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya taɓo irin wannan a littafinsa Ihya'u, a babin illolin harshe. Ya kawo misalin wanda ke cewa ya gaya maka abu sau ɗari. A wurinsa wannan ba ƙaryar da ke sa mutum fasiƙanci ba ce, domin al'ada ta gudana cewa ba adadin ake nufi ba, yawan ake nufi. Sai ya sa sharaɗi: in sau ɗaya tak ya faɗa, to maƙaryaci ne. Wato Gazali bai auna maganar da zahirin lambar ba, bai kuma sake ta ba linzami ba. Ya auna ta da abin da al'ada ta sa mai ji ya fahimta. In aka ɗora chotto a kan wannan ma'auni, ba ta da laifi tsakanin 'yan ƙasa. Mai gayya ya ji a'a sarai, bai tafi gida yana dafa abincin mutum biyu ba. Abin da aka rage masa kawai shi ne zafin jin kalmar ƙi a fuska. Mu ma in aka je gaida marar lafiya ya ce da sauƙi yana nishi, ba wanda ya tashi da zaton ya warke, ba kuma wanda ya kira shi maƙaryaci.

Amma kada a ɗauka na wanke kowane mai fakewa. Ma'aunin da ya kuɓutar da chotto shi ne ke kama wasu, har ma ya fi ma'aunin zahiri tsanani. A ce likita a Tokyo ya tambayi majinyaci ko yana shan giya, shi kuwa yana sha kowane dare in ban da ranar da ya kwana a wurin aiki, sai ya ce tokidoki. A zahirin lafazi yana da mafita, tun da ba kullum-kullum ba ne. Amma ya san abin da likita zai rubuta, ya kuma zaɓi kalmar don a rubuta hakan. Wannan ƙarya ce cikakkiya duk da babu harafin da za a nuna a ce ga ta. Malaman da suka halatta tauriyya, wato faɗin magana mai fuska biyu, sun hana ta inda za ta ci hakkin wani, kuma sun ce rantsuwa a gaban alƙali tana tafiya ne bisa niyyar mai rantsarwa. Dalilin duka ɗaya ne: wanda yake da hakkin sani, fahimtarsa ce abin dubawa. Don haka rashin iyakar kalma nauyi yake ƙara wa mai magana, tun da yanzu ba zai ce ƙamus ya ba shi gaskiya ya tafi ba, sai ya tambayi kansa abin da mutumin da ke gabansa zai ɗauka.

Za a iya cewa, to in al'ada ce ma'auni, al'ada kuma tana sauyawa, ashe ba wani daidai ke nan. Tarihin zenzen kamar yana goyon bayan wannan. Littattafan koyarwa suna cewa sai da korewa, amma matasan Tokyo kullum suna cewa zenzen daijobu, babu komai sam, ba tare da korewa ba, dattawa na ɗaure fuska. Da masana suka koma rubuce-rubucen Natsume Soseki da Akutagawa Ryunosuke sai suka tarar su ma sun yi amfani da ita ba tare da korewa ba, ƙa'idar da ake ɗauka ta kaka da kakanni kuwa sai bayan yaƙin duniya na biyu ta yi ƙarfi. Totemo ta bi hanyar da ta saɓa: da can da korewa aka san ta, da ma'anar ba yadda za a yi, kuma Akutagawa da kansa ya rubuta a shekarun 1920 cewa amfani da ita da ma'anar ƙwarai sabon abu ne a bakin mutanen Tokyo. Yau ita ce ta farko da ake koya wa baƙo. Sai dai wannan sauyi bai taɓa hujjata ba. Ma'ana tana sauyawa cikin shekaru hamsin ko ɗari, magana kuwa ana yin ta yau tsakanin mutum biyu, kuma a yau ɗin akwai abin da kalmar ke isarwa. Ko zenzen daijobu ta matasa ba ta fita daga tsarin ba, don an fi faɗinta ga wanda ya nuna damuwa ko ya ba da haƙuri, tana kore damuwar da ke zuciyarsa ko da babu korewa a jimlar.

Saura matsalar da ta fi duka wuya, kuma ita ce ta ɗalibin da aka fara da shi. Duk abin da na kafa ya dogara ne da tarayya a tsammani, baƙo kuwa ba shi da rabo a wannan tarayya tukuna. Shi in aka ce masa chotto muzukashii, zai ji da ɗan wuya, ya koma ya ƙara ƙoƙari, ya dawo mako mai zuwa da takardunsa. A nan hoton da aka bar masa bai dace da gaskiya ba, kuma bisa ma'aunin da na ɗauka ba zan ce ba a yi masa laifi ba. Wanda ya san abokin maganarsa bai san al'adar ba, ya kuma ci gaba da magana kamar ya sani, ya bar shi a duhu da gangan. Japan kanta ta gane haka ta hanya mai ciwo. A girgizar ƙasar Kobe ta watan Janairu 1995, wadda ta kashe mutum sama da dubu shida, baƙi da yawa sun wahala don ba su fahimci sanarwar agaji ba. Daga nan aka fara tsara abin da ake kira yasashii nihongo, sassauƙan Japananci, kuma a 2020 hukumar shige da fice da hukumar al'adu suka fitar da jagora a kansa. Daga cikin abin da ake koya wa ma'aikata akwai gajarta jimla, da guje wa korewa biyu a jere, da barin kalmomin da ba su fayyace ba in ana magana da baƙo. Ba a ce tamani da chotto sun lalace ba, an dai gane cewa sharaɗin aikinsu bai cika ba a gaban wanda bai san sabon ba.

Shi ma ɗalibin akwai nasa rabon nauyin, kuma lambobin gefen allo na iya yaudararsa a nan fiye da rashinsu. Wanda ya haddace cewa tokidoki rabi ce zai yi zaton ya gama, alhali abin da ya rage masa shi ne sanin yadda mutanen ke rayuwa: sau nawa ake wanka, sau nawa ake kiran iyaye a waya, ƙarfe nawa ake barin ofis, har ya san abin da za a kira da yawa a cikin kowanne. Wannan ba ya shiga jadawali, sai da sauraro mai tsawo. Kafin ya kai can, harshen ya tanadar masa mafita tun a darussan farko, domin bayan bayanau ba da jimawa ba ake koyar da ƙirga aukuwa da kai, ikkai sau ɗaya, nikai sau biyu, shu ni sankai sau uku a mako. In maigidansa a wurin aiki ya ce tamani za a buƙace shi ranar Asabar, ba rashin ladabi ba ne ya tambaya tsuki ni nankai gurai desu ka, kamar sau nawa a wata. Kalmar gurai da ke ciki tana nufin kimanin, ta bar wa maigidan sarari ya ce sau ɗaya ko biyu ba tare da an ɗaure shi ba, shi kuma ɗalibin ya samu abin da zai tsara makonsa a kai.